Farauta da Numfashi Ɗaya a Tekun Kef

A ƙasar Afirka ta Kudu akwai wata doka da ta shafi masu kamun kifi da mashi a cikin teku, wadda duk wanda ya ji ta karon farko zai ɗauka takurawa ce kawai irin ta hukuma. Dokar albarkatun teku ta shekarar 1998 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun yarje wa mutum ya sayi lasisi, ya ɗauki bindigar mashi, ya shiga teku ya harbi kifi. Amma sun hana shi goya tukunyar iska a baya. Abin da aka bar masa shi ne ɗan bututun da zai riƙa shaƙar iska da shi yayin da yake kwance a saman ruwa. Da zarar ya kifa kai ya nutsa, guzurinsa shi ne abin da huhunsa ya ɗauka. An kuma hana shi sayar da abin da ya kamo, an ƙayyade masa yawan kifin da zai fita da shi a rana.

Mai karatu zai iya cewa, me ya yi zafi? In dai an yarda a kashe kifin, ina bambancin wanda ya kashe shi da iskar huhunsa da wanda ya kashe shi da iskar tukunya? Ni malamin ilimin halittu ne, shekara goma sha biyar ke nan ina koya wa ɗalibai yadda jikin mutum da na dabba ke sarrafa iska, don haka amsar tana cikin littattafan da nake koyarwa da su. Amma gani ya kori ji. A wani watan Afrilu na wuni a tsakiyar teku tare da masu wannan farauta, na ga abin da iyakar nan take karewa, na kuma ga abin da ke samun wanda ya nemi ƙetare ta.

Aikin bincike na wata shida ne ya kai ni birnin Kef Tawun. Cikin waɗanda muke aiki tare akwai wani likita, Bature ɗan ƙasar, wanda ya ba hamsin baya, ya kuma shafe fiye da shekara ashirin yana farautar manyan kifaye da mashi. Da ya ji cewa a Yawuri na tashi, a bakin Neja, kuma na iya iyo tun kafin in iya karatu, sai ya gayyace ni bisa sharaɗi biyu: ba zan riƙe bindiga ba, ba kuma zan saki igiyar da ke ɗaure da jirgi ba. Na karɓa ba ciniki, domin na san iyon kogi daban, na teku daban.

Mun tashi daga tashar jiragen kamun kifi ta Haut Be bayan sallar Asuba, mu huɗu a cikin wani ƙaramin jirgi mai inji biyu. Ban da ni da likita, akwai wani matashi injiniya, bai kai talatin ba, mai faɗin ƙirji da yawan dariya. Ya yi shekara uku yana harbin ƙananan kifaye a bakin gaɓa, amma bai taɓa fita tsakiyar teku ba sai ranar. Na huɗunmu shi ne matuƙin jirgin, dattijo Musulmi daga tsofaffin gidajen masuntan Kef, wanda muka yi salla tare a kan dakalin tashar. Musulmin Kef suna kiran babban wa ko dattijon da ake girmamawa da “Buta”, kuma haka kowa ke kiransa. Da na gaya masa abin da kalmar ke nufi a Hausa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce babu laifi, ai shi ma ruwa ne aikinsa.

Wanda zai fahimci dalilin wannan doguwar tafiya sai ya san cewa teku ma yana da koguna a cikinsa. A yammacin Afirka ta Kudu akwai magudanar Bengela, inda ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku, kore shar, cike da ƙwayoyin abinci. A gabas kuma akwai magudanar Agulas, mai gangaro da ruwan ɗumi daga Tekun Indiya, wanda harsunansa kan zagayo ƙarshen nahiyar su kutsa cikin Atilantika. Manyan kifayen tuna ruwan ɗumi suke bi, amma abincinsu ya fi yawa a inda ɗumin ya haɗu da sanyin. Wannan mahaɗa ba ta da mazauni, yau tana kilomita 40 daga gaɓa, gobe tana 70. Shi ya sa idon Buta bai bar ma'aunin zafin ruwa ba. A bakin tasha digiri 13 ya nuna. Muka bar tsaunin Kef Foyint a hagunmu yana ta ƙanƙancewa, wato yankin da Bartolomiyu Diyas na Fotugal ya kewaye a 1488. Bayan tafiyar awa biyu da rabi ƙasa ta ɓace, ma'auni ya hau digiri 20, ruwan kuma ya rikiɗe daga kore zuwa shuɗi irin na baba, sai ka ce an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata.

Tsuntsaye ne suka fara nuna mana wurin. Daga nesa kamar hayaƙi ne ke murɗawa a saman ruwa. Da muka matso sai ga dubban tsuntsayen teku, cikinsu har da albatros, wanda buɗin fikafikansa ya haura mita 2, suna bin wani ƙaton jirgin jan taru. Irin waɗannan jirage suna jan taru a ƙasan teku, a zurfin ɗaruruwan mita, don kamun kifin hek, kuma kawuna da kayan cikin da ake zubarwa daga cikin jirgin su ne ke tara tsuntsaye a sama da kifaye a ƙasa. Masu mashi sun daɗe da gane haka. Buta ya kashe inji a bayan jirgin, nesa da igiyoyinsa, ya buɗe kwalin sadin, ya shiga yankawa yana watsawa cikin ruwa guntu-guntu, ba gaggawa, kamar mai ba kaji tsaba.

Kayan aikin ba su da yawa: rigar roba mai kauri saboda sanyi, ɗamarar dalma don sauƙin nutsewa, gilashin fuska, da dogayen takalman roba masu kama da wutsiyar kifi. Bindigar kuwa babu harsashi babu albarushi. Katako ne mai tsawon da ya kusa kai ƙirjin mutum, da robobi huɗu masu kauri da ake ja a maƙale a jikin mashin ƙarfe, tamkar danƙon da yara ke harbin tsuntsu da shi, sai dai wannan na manya ne. Ruwa yana cinye ƙarfin mashi da sauri, saboda haka in kifi ya wuce mita 5 ko 6, harbinsa ɓarna ce. Mashin ɗaure yake da igiya mai tsawon kimanin mita 30, ita kuma ɗaure da wasu robobi biyu cike da iska da ke yawo a sama, waɗanda zan kira goruna, tunda aikin goran masuntanmu suke yi. Ba da hannu ake riƙe babban kifi ba, gorunan ne ke kokawa da shi har ya gaji.

Abin da ake nema shi ne kifin tuna mai rawayan fiffike. A ruwan Kef, mai nauyin kilo 60 ko 80 ba abin mamaki ba ne, akan kuma sami wanda ya kai 100. Kifi ne da bai san hutu ba. Ba ya iya zuƙo ruwa yana tsaye wuri ɗaya kamar tarwaɗa ko karfasa, dole sai yana tafe baki buɗe ruwa na ratsa shi, in ya tsaya sai ya shaƙe. An tsara jijiyoyin jininsa ta yadda zafin da tsokarsa ke samarwa ba ya zurarewa cikin ruwa, don haka jikinsa ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, baiwar da yawancin kifaye ba su da ita. Wannan ɗumi shi ne sirrin gudunsa da juriyarsa. Wanda ya shiga ruwa da niyyar harbinsa ya shiga gidan wanda ya fi shi komai in ban da dabara.

Da na zame cikin ruwa na kifa fuska, abin da ya fara kama ni shi ne rashin ƙasa. A kogi, ko ba ka ga ƙasa ba ka san tana kusa, ga gaɓa, ga ciyawa, ga laka. A nan kuwa shuɗi ne zalla ta kowace fuska, hasken rana na sauka cikinsa kamar zaren saƙa, yana haɗuwa can inda ido ba ya kai. Na'urar jirgi ta nuna tsakaninmu da ƙasa ya fi mita 400. Guntayen sadin suna lilo suna sauka a hankali. Baƙon farko da ya amsa gayyatar shi ne kifin shak mai shuɗin baya, siriri, ya kai tsawon mutum, ya zo yana shawagi har ya shinshini takalmin likita. Likita ya sa bakin bindiga ya ture shi a hankali kamar mai korar akuya daga kan shanya, ya ci gaba da kallon ƙasa. Ni kuwa na ƙara naɗe igiyata a hannu.

Mun fi awa guda a haka kafin su zo, kuma ba su yi sallama ba. Wuri babu komai, sai ga abu kamar ganga mai ƙyalli ya ratsa, ya ɗauke guntun sadin, ya ɓace. Sai na biyu, sai na uku, dogayen fikafikansu rawaya, a lanƙwashe kamar lauje. Likita ya ja numfashi, ya ninke jiki, ya sauka ba tare da ya fantsama ruwa ba, ya tsaya a kimanin mita 12 ya daskare. Sau biyar na ƙirga yana sauka yana hawowa bai harba ba, alhali kifayen suna gilmawa ta gabansa. Daga baya ya bayyana mini cewa na farko ƙarami ne, na biyu wutsiya ya ba shi, sauran kuma sun yi nisa, domin gilashin fuska yana ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, yana kuma matso da shi, sai wanda ya saba ne ke gane yaudarar. A sauka ta shida wani ya juya masa gefe. Ban ji ƙara ba sai wani ɗan “tas”, igiya ta miƙe, goran farko ya yi tsalle ya nutse gaba ɗaya.

Minti arba'in aka yi ana ja-in-ja. Likita na sama yana jan igiya kamu-kamu, yana ture abin da ya jawo nesa da jikinsa, domin igiyar da ta naɗe ƙafar mutum alhali irin wannan kifi na ɗaya ƙarshen, ita ce ajalinsa. Kifin ya hauro yana kewaye, da'irar tana ƙanƙancewa. Jinin da ke bin sa a can ƙasa kore-kore ne mai duhu, saboda ruwa yana shanye jan launi tun a mitocin farko, sai da ya kusanto sama jini ya koma kamanninsa. Likita ya rungume shi, ya soka masa wuƙa a ƙwaƙwalwa, motsi ya tsaya nan take. A cikin jirgi Buta ya tsiyaye jinin, ya fasa ciki, ya cusa ƙanƙara, domin ɗumin nan da ke ba kifin ƙarfi yana iya ɓata namansa bayan ya mutu. Likita ya dafa kan kifin, ya daɗe bai ce komai ba. Bai sake ɗana bindigarsa ba. Hannu rabbana ya koma ruwa, don ya tsaya wa matashin.

Abin da ya biyo baya ba zai fahimtu ba sai da ɗan bayani. Duk mita 10 da mutum ya sauka, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke danne mu a doron ƙasa. A mita 10 iskar huhunsa ta matse ta koma rabi, a mita 20 ta koma kashi ɗaya cikin uku. Wannan matsi yana tura iskar oksijin cikin jini da ƙarfi, sai mai nutso ya ji garau a can ƙasa ko da guzurinsa ya kusa ƙarewa. Abin da ke sa mutum jin ƙishin numfashi kuwa taruwar iskar kabon ce a jini, ba ƙarewar oksijin ba, kuma wanda ya horar da kansa yana iya danne wannan kira, balle ga ƙaton kifi a gabansa. Sai ya juyo sama, matsi ya ragu, huhu ya buɗe, ƙarfin oksijin a jini ya faɗi warwas. Shi ya sa masu nutso sun fi suma a mitocin ƙarshe, suna kallon hasken rana, wani lokaci ma bayan sun fito da kai. Suman ba ya zafi, ba ya gargaɗi. Saboda haka masu wannan farauta suna da ƙa'idar da ba a wasa da ita: in ɗaya ya sauka, ɗaya na sama yana kallonsa, ba ya ɗauke ido sai ya ga ya fito, ya yi numfashi, ya yi magana.

Wajen azahar wani kifi ya bayyana wanda ya mai da sauran kamar 'ya'yansa. Matashin ya gan shi, na kuma ga lokacin da ya gan shi, domin jikinsa duka ya canza. Ya sauka bai gama hutawa daga saukar baya ba, ya harba daga nesa, mashi ya kama kifin kusa da ciki, inda nama ba ya riƙo. Goruna biyu suka nutse, suka ɗago, suka sake nutsewa. Bayan rabin awa ana ja, an kawo kifin kimanin mita 20, ya ƙi ƙara hawowa, raunin kuma yana yagewa a kan idonmu. Matashin ya karɓi bindiga ta biyu daga hannun Buta don ya sauka ya ƙara masa. Likita ya ce masa ya huta minti uku tukuna. Ya gyaɗa kai, ya ja dogayen numfashi da sauri-sauri, abin da ke wanke iskar kabon daga jini ya kashe ƙararrawar jiki, sannan ya kifa.

Na bi shi da ido. Kifin na kewaye yana sauka, shi kuma yana bin sa, mita 20 ta zama 25. Ya miƙa bindiga, kifin ya juya, ya sake miƙawa. Likita bai jira ba, ya ja numfashi ya bi shi, suka haɗu a hanya matashin na hawowa. Daga inda nake komai lafiya yake, ƙafafunsa na bugawa daidai. Saura kamar mita 4 sai bugun ya tsaya. Kansa ya faɗa baya, kumfa ta fito daga bakinsa, bindiga ta sulale daga hannunsa ta tafi, shi ma ya fara komawa ƙasa a hankali kamar guntayen sadin ɗin nan. Likita ya tallafo haɓarsa, ya toshe masa baki, ya kwance masa ɗamarar dalma ta bi bindiga, ya fito da shi. Ya cire masa gilashi, yana hura masa iska a fuska, yana bubbuga kumatunsa, yana kiran sunansa. Leɓunansa sun yi shuɗi. Daƙiƙun da ba su kai ashirin ba suka yi mini tsawon wuni. Can ya yi tari, ya ja iska, ya buɗe ido. Abin da ya fara cewa shi ne, “Ina kifin?” Ya kuma rantse shi bai suma ba.

Kifin ya tafi. Naman ya yage, mashi ya fita, igiya ta dawo a sake. Buta bai yi faɗa ba. Ya lulluɓe matashin da bargo, ya miƙa masa shayi, ya ce, “Ɗana, kifi yana da teku sukutum, kai kuwa ƙirji ɗaya gare ka. Mahaifiyarka kai take jira, ba kifi ba.” Ya juyo gare ni ya ce, “Dakta, ku a wajenku me ake cewa?” Na ce muna cewa iya ruwa fidda kai, na fassara masa. Ya jinjina kai, ya tada inji. Doka ta yarda kowane mai lasisi ya fita da tuna har 10 a rana, ga kifayen nan kuma suna kewaye jirgi, amma wanda ya suma ba ya komawa ruwa a ranar, kuma ba a nutso babu mai tsaro. Da kifi ɗaya muka koma. Ma'aunin tasha ya ba shi kilo 68. Aka raba shi huɗu, kason Buta ya tafi unguwarsu, nawa kuma ya ishi ɗaliban Najeriya da muke gida ɗaya da su har mako.

Yanzu ga amsar tambayar da na ɗora a bakin mai karatu. Mai tukunyar iska yana iya zama a ƙasa rabin awa ko fiye, ya bi kifi har raminsa, ya tsinci manya ɗaya bayan ɗaya, musamman kifayen duwatsu da ba sa ƙaura, alhali manyan ne suka fi zuba ƙwai. Mai numfashi ɗaya kuwa minti ɗaya ko biyu gare shi, kuma yawancinsu ba sa wuce mita 20 ko 30. Duk abin da ke ƙasa da nan ya zama hurumi, ba tare da an kafa allo ko an ɗauki mai gadi ba. Hikimar dokar ita ce ba ta jingina da kirkin mafarauci ba. Likita mai haƙuri ne, matashin mai zumuɗi, amma iyaka ɗaya ta hau kansu, kuma tana cikin ƙirjinsu, inda ba a karɓar na goro.

Ba zan ɓoye abubuwan da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba. Na farko, kifin da ya tsere da rauni. Da wuya ya kwana, ga shak a wurin, kuma wasan da ke barin irin wannan a bayansa ba za a kira shi mai tsabta ba. Na biyu, farautar masu hali ce. A kan tudun da ke kallon tashar Haut Be akwai unguwar Hangbag ta talakawan masunta, waɗanda suka daɗe suna kukan an raba teku ga manyan kamfanoni an bar su. Sai da ƙananan masuntan ƙasar suka kai ƙara, kotu ta ba da umarni a 2007, kafin gwamnati ta fitar da manufar da ta san da zamansu a 2012. Wanda ke shiga ruwa don abincin dare yana da ikon kallon mai shiga don nishaɗi da gefen ido. Na uku, mashi ba ya ciyar da gari. Kifin ƙanƙarar da ake soyawa a Kano da Sakkwato manyan jirage ne ke kamo shi, irin wanda muka fake a bayansa. Mu kanmu albarkacinsa muka ci, domin ba don abin da yake zubarwa ba da sai mu wuni muna kallon shuɗi.

Sai dai babban jirgi ba shi da huhu. Injinsa ba ya haki, tarunsa ba ya zaɓe, babu zurfin da zai ji ƙirjinsa ya matse. Duk iyakar da za a sa masa sai a takarda, wato kason shekara, girman idon taru da lokacin rufewa, takarda kuwa ba ta tsare kanta. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ruwaito a 2024 cewa kashi 37.7 cikin 100 na rukunonin kifin teku da take sa wa ido ana kama su fiye da yadda za su iya mayar da gurbinsu, alhali a 1974 kashi 10 ne kacal. Abin tsoron shi ne, masana'antar su ma tana da irin suman mai nutso. A 1992 Kanada ta rufe kamun kifin kod a gaɓar Niyufanlan, dubun-dubatar mutane suka rasa sana'a. Har zuwa shekarun ƙarshe manyan jirage suna dawowa da kaya, domin na'urorinsu na gano ragowar kifin duk inda ya taru. Ƙarfin na'ura ya yi musu abin da matsin ruwa ya yi wa matashin nan: ya sa sun ji garau alhali guzuri ya ƙare.

Kabawa ba su da teku, amma sun san wannan ilimi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma Hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, a kan iyaka aka gina shi. Ruwan Matan Fada a rufe yake shekara guda ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, ranar da aka buɗe kuma homa da gora kawai ake shiga da su, kusan awa ɗaya a tashi. Shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun haɗu kafin su ɗaga. A gwada wannan da abin da nake tararwa duk sanda na je gida: taru mai ido ƙanana kamar gidan sauro, wani lokaci ma gidan sauron kansa, yana kwashe har jikokin kifi, ga kuma masu zuba gamalin a tafki su kashe na ci da na bari a dare ɗaya. Tsofaffin masuntan da na taso a gabansu sukan ce kifin bai ƙare ba, ƙanƙancewa yake yi. A ilimin da nake koyarwa, wannan ƙanƙancewar ita ce alamar farko.

Matashin injiniya ya sami wanda ya bi shi ƙasa ya tallafo haɓarsa. Kogi ba ya tambayar ina kifin, masunta ne ke tambaya, bayan aikin gama ya gama. Abin da nake roƙon ma'aikatun albarkatun ruwa na jihohinmu da masarautunmu bai fi ƙarfinsu ba: a mayar wa sarakunan ruwa ikon rufe ruwa a lokacin da kifi ke zuba ƙwai da damina, a tsayar da girman idon taru a tsare shi tun daga kasuwar da ake sayar da shi, a hukunta mai guba hukuncin da maƙwabcinsa zai ji. A yi shi yanzu, tun masunta na dawowa da abin miya, domin lokacin da kwale-kwale ke cika shi ne lokacin da ba wanda ke jin gargaɗi.